Takalmi a Ƙarƙashin Madubi

Wata biyar da sati uku ke nan Ashana yana zaune a kan kujerar roba a bakin shagon gilashin gidansu, yana amsa waya yana korar ƙuda. Mutumin da tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake yanka gilashi, wanda in ya ja layi ɗaya sai ka ji ƙas, gilashi ya rabu kamar da ma can biyu ne, wai shi aka mayar mai tsaron ƙofa. Mayankin da marigayi tsohonsu ya bar masa, ɗan ƙarfe mai ƙotar katako da hannu ya goge ta har tana sheƙi, yana kulle a durowar yayansa. Makullin kuwa yana aljihun Yaya, ba ya rabuwa da shi ko banɗaki zai shiga.

Ba a banza ake ce masa Ashana ba. Tun yana yaro haka yake, ƙyastawa ɗaya ya kama. Sai ya yi wata guda yana raha da kowa, ana zaginsa ma yana dariya, sannan rana ɗaya a kan abin da bai kai ya kawo ba, kofin shayi da aka kawar ko wata kalma da aka faɗa a karkace, abin ya taso masa. Minti biyar ya wuce. Abin da yake bari kuma kunya ce mai hana mutum cin abinci kwana biyu.

Na ƙarshen shi ne ya kai shi kujerar roba. Wani mai gini ya canza awon taga sau uku, aka yanka masa sau uku, sannan ya tsaya a tsakiyar shago ya ce ai mai yankan ne bai iya karanta tef ba. Ashana bai tuna lokacin da ya ɗauki katakon awo ba. Ya dai tuna ƙarar gilashin da ke jingine a bango, da Kawu Dogo, tsohon ma'aikacin da ya yi aiki da mahaifinsu, yana riƙe da damtsensa jini na bin yatsunsa. Ɗinki goma sha ɗaya aka yi masa. Ashana ne ya ɗaure hannun da rigarsa, yana kuka kamar shi aka yanka.

Washegari da ƙafarsa Ashana ya tafi asibiti, ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, ba wanda ya ja shi. Likitar ta saurare shi har ya gama, ta ce abin nan ciwo ne sananne, ba shi kaɗai yake da shi ba, kuma ana samun sauƙinsa da magani da koyon gane shi tun yana nesa. Amma ba ta shafa masa mai a baki ba.

"Ciwo ne, amma hannunka ne ya yi jifa," in ji ta. "Ba zan ce maka ba zai ƙara zuwa ba. Abin da za mu koya shi ne me za ka yi in ya zo."

Da ya kawo wa Yaya labari yana murna an gano bakin zaren, sai Yaya ya waiga hagu da dama kamar an ce ga ɓarawo.

"Rufa mana asiri! Kada in ji ka faɗa wa kowa kana zuwa wannan ɓangaren na asibiti. Ka je ka zauna a bakin ƙofa. In ka yi wata shida cur ba ka tayar da hankalin kowa ba, na san ka warke, sai in ba ka mayankinka."

"In kuma ya zo a wata na biyar fa, Yaya?"

"Sai a sake ƙirga daga farko."

To, wannan ita ce masifar ciwon da ke zuwa ya tafi: ba shi da mai shaida. Ranar da kake ƙalau a ce ai lafiyarsa lau, iskanci ne kawai da rashin tarbiyya. Ranar da ya zo a ce da ma mun faɗa, mahaukaci ne. Kowa ya zama malamin haƙuri, kowa na da wa'azin da zai yi maka, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya fi ƙona wa Ashana rai kuwa, shi kansa Yaya yana da ciwon baya mai irin wannan halin. Ya yi sati uku yana tsalle daga mota, rana ɗaya ya sunkuya ɗaukar biro ya maƙale. Shi in nasa ya zo matashi ake kawo masa, ana jera masa sannu. Ba wanda ya taɓa cewa ya yi wata shida bayansa bai riƙe ba kafin a bar shi ya shiga shago. Laifi dai tudu ne.

Ashana ya zauna a kujerar, amma bai zauna don ya yarda ba. Yana shan maganinsa, yana zuwa wurin likita duk sati, kuma ya daina ɓoyewa. Duk wanda ya tambaye shi ina za shi ranar Talata, sai ya faɗi sunan ɓangaren asibitin da ƙarfi, har mai shagon fenti na maƙwabta ya ji. Yaya ya yi ta shan toka, shi ko a jikinsa.

Akwai wata doka a shagon nan da tsohonsu ya kafa tun kafin a haife su. Babban gilashi mutum biyu ke ɗaukarsa a tsaye, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma ran kowanne yana hannun ɗan'uwansa. Saboda haka in ɗaya ya ce "Ajiye," to an ajiye. Ba a tambayar dalili, ba a cewa saura taku biyu. Ko atishawa ce ta taso maka, ko gumi ya shiga ido, ka faɗa. Kuma ba a dire gilashi a kan siminti tsirara, gefensa zai ɓantare ya tsage har sama. In babu katako a kusa, a kan ƙafar takalminka za ka ɗora shi, shi ya sa duk zafin gari ba mai shiga shagon da silifa. Tsoho kan ce "Ajiye" sau goma a yini ba kunya. Yaya kuwa yana alfahari da cewa shi tunda yake bai taɓa faɗa ba.

Ranar wata Laraba da hantsi aka tashi kai wani madubi da ya fi ƙofar shago tsawo. Wani tela ne ya buɗe sabon shago a hawa na biyu na wani bene, yana so masu gwada kaya su ga kansu daga hula har takalmi. Yaya da Kawu Dogo suka ɗauko shi daga tebur za su kai motar kaya. Ashana yana kallo daga kujerarsa. A taku na huɗu ya ga fuskar Yaya ta canza, ya ga saman madubin ya fara rawa. Yaya ya cije leɓe, ya ƙara taku ɗaya, ya ƙi cewa a ajiye.

Kawu Dogo ne ya daka tsawa. "Ajiye!"

Suka dire shi a kan takalmansu da ƙyar. Ashana ya zabura ya tallafe, suka jingina shi a jikin mota. Yaya ya tsaya a lanƙwashe kamar mai neman allura a ƙasa, ya kasa miƙewa. Aka kwantar da shi a kan benci a cikin shago. Wayar shago kuwa sai ruri take, tela ne, kira na huɗu ke nan.

"A faɗa masa sai gobe," in ji Yaya cikin nishi.

"Gobe ma bayan nan ba zai sake ka ba," in ji Kawu Dogo. "Mutumin kuma jibi yake buɗe shago."

Ashana ya ce, "Ga ni."

Yaya ya ce ba zai yiwu ba, saura sati ɗaya wa'adi ya cika, kuma ɗauka ta fi yanka haɗari. Ashana bai kalle shi ba, Kawu Dogo yake kallo. Tun ranar ɗinkin nan gaisuwa ce kawai ke haɗa su, kuma tabon yana nan a damtsen dattijon, dogo mai tsaga-tsaga. In akwai mai ikon cewa a'a a duniya, shi ne.

Kawu Dogo ya daɗe yana goge tafin hannunsa da tsumma. Sannan ya ce, "Je ka sa takalminka."

Matakalar benen ƙunci gare ta, ga kwana biyu kafin a kai sama. Kawu Dogo ya hau gaba yana tafiya da baya, Ashana yana ƙasa, nauyin duk a kansa. Fuskar madubin tana gefen kuncinsa, har yana ganin idonsa ɗaya a ciki. Hannunsa ya yi kewar wannan nauyin. Suka wuce kwanar farko lafiya, dattijon na cewa "Sannu, karkato, yawwa," shi kuma yana amsawa, kamar ba a taɓa yin komai ba.

Sai ga tela ya biyo su a baya, tef a wuya, waya a kunne. Irin mutanen nan ne da bakinsu ba ya gajiya. Ya ce sun makara, ya ce su kula da fentin bango, ya ce shi fa in aka ƙwarzane masa madubi ba zai karɓa ba. Ya miƙo makullin mota ya ƙwanƙwasa bayan madubin wai yana jin kaurinsa.

"Malam, kada ka taɓa," in ji Ashana.

Tela ya leƙo ya ga fuskarsa. "A'a! Wa nake gani haka? Ashana ne? Ashe an sallamo ka? Ni fa cewa aka yi an ɗaure ka a asibiti." Ya fashe da dariya, ya koma kan wayarsa. "Kai, ka san wa suka turo mini da madubi? Mahaukacin nan da ya kusa yanke wa tsoho hannu. Wallahi shi!"

Sannan ya dafa bayan Ashana ya ɗan tura, wai yana so ya wuce gaba ya buɗe ƙofa.

Kunnuwa ne suka fara. Kullum su ke farawa, zafi kamar an kara musu dutsen guga. Sai muƙamuƙi ya ɗaure. Sai muryar tela ta yi nisa, kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ashana ya san wannan baƙon, wata biyar yana koyon takunsa. Ya san bai fi numfashi goma ya rage masa ba kafin hannuwansa su daina jin maganarsa, kuma hannuwan nan su ne ke riƙe da madubin da Kawu Dogo ke sama da shi. Ya ga idonsa a madubi ya kaɗa ya yi ja. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, amma tare da shi akwai wani taurin kai: yau dai ba za a yi ba.

Saura matakala shida a kai fili na kwana ta biyu. A kan matakala ba a ajiyewa. Ya ƙirga su a ransa, ɗaya bayan ɗaya, haƙoransa na ƙara. Da ƙafarsa ta taka filin sai ya ce, "Kawu, ajiye."

Kawu Dogo bai tambaya ba. Bai ko ɗaga gira ba. Suka sauke madubin a hankali, gefe ɗaya a kan takalmin dattijo, gefe ɗaya a kan na Ashana, saboda katakon jingina an bar shi a mota.

Nan ya ga tarkon da ya shiga. Abin da likita ta koya masa shi ne ya bar wurin, ya yi nisa da mutane da abin fashewa. Ga shi madubi ya danne masa ƙafa biyu, ƙasa siminti, tela kuma a bayansa yana cewa, "To me kuma aka tsaya yi? Har kun gaji?"

"Na riƙe," in ji Kawu Dogo a hankali, ya jingina madubin a kafaɗarsa.

Ashana ya zare ƙafar dama daga takalmi, ya zare ta hagu. Takalman suka tsaya a inda suke, madubi a kansu. Ya cusa hannuwansa biyu a hammata ya matse, ya juya ya fuskanci tela. Tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba.

"Malam, matsa," ya ce, har ƙasan bene ana jin muryarsa. "Ciwona ne ya zo. Ba na so ya same ka."

Tela ya manne da bango kamar ƙadangare. Ashana ya sauka da gudu ba takalmi.

A bayan benen akwai famfo da wani bokitin roba na mai shara. Bokitin ne ya sha. Ya yi masa harbi ɗaya ya tsage, ya bi shi ya ƙara, ya yi wani ihu da ya sa tantabaru suka tashi daga rufi. Sannan ya durƙusa ya buɗe famfo ya sa kansa a ƙarƙashi, yana jan numfashi yana saki kamar yadda aka koya masa, har muryoyin duniya suka dawo kusa. Da ya ɗago, mutum bakwai ko takwas sun taru suna kallo, masu shagunan ƙasa da mai sharar kanta. Da can ƙasa yake so ta tsage ya shige. Yau sai ya share ruwa daga fuskarsa ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kalla da kyau, haka yake. Ya zo, ya wuce." Ya juya ga mai shara. "Baba, ki yafe ni. Gobe da safe zan kawo miki sabon bokiti."

Ya hau bene yana ɗingishi, babban yatsan ƙafarsa na jini. Kawu Dogo na nan yadda ya bar shi, gumi ya jiƙe masa riga. Tela ya haye can sama yana magana a waya ƙasa-ƙasa. Ashana ya zura ƙafafunsa cikin takalman, ya kama gefen madubi.

"Kawu, ɗauka."

Suka kai shi, suka kafa shi a bango, suka goge. Ko ƙwarzane babu. Tela bai ƙara cewa komai ba sai "Sannunku," ita ma a ciki-ciki.

Kafin su koma shago labari ya riga su. Yaya na kwance a benci, matashi a ƙarƙashin gwiwa, waya a kan ƙirji.

"Saura sati ɗaya," ya ce, yana kallon silin. "Sati ɗaya tak, ka kasa. A gaban jama'a, ba takalmi, kana dukan bokiti. Ka ga abin da nake faɗa? Sai a sake ƙirga daga farko."

"Ba za a sake ba, Yaya."

"Me ka ce?"

"Na ce ba za a sake ba. Ko shekara goma ka ba ni a kujerar can, wata rana zai zo. Ni ban ce maka na warke ba, kai ne kake jiran wani ƙane da ba a haifa ba. Wanda kake da shi ga shi a gabanka. Ya zo mini da madubi a hannu, a kan matakala, ana zagina ana tura ni. Tambayi Kawu ina madubin yake."

"Yana bango," in ji Kawu Dogo. Ya ja kujerar robar nan ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa har tabon ya fito. "Bari in faɗa maka wata magana, ɗana, ka yi haƙuri da ita. Shekara ashirin na yi ina ɗauka da tsohonku, ban taɓa jin tsoro ba, don na san in wani abu ya same shi zai faɗa. Kai shekara goma sha biyar muna ɗauka, kullum da addu'a a bakina nake tafiya. Sau nawa ina jin gilashi na rawa a hannunka kana yin ta maza? Yau da safe da ban ga fuskarka ba, da a kaina zai sauka. Wannan yaron ya yanke ni sau ɗaya, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma yau ya ce ajiye. Ni daga yanzu da mai cewa ajiye zan riƙa ɗauka."

Yaya ya yunƙura zai tashi zaune, bayan ya ce bai san zance ba, ya koma da nishi. Ya daɗe yana kallon silin, idonsa ya ciko, ko na ciwo ne ko na wani abu, shi ya sani.

"In ya sake zuwa fa, kana kan tebur?"

"Zai zo. Zan ajiye in fita."

Yaya ya yi ƙoƙarin kai hannu aljihu, ya kasa juyawa. Ya sake gwadawa, ya kasa. Sai ya saki hannun ya faɗi a gefen benci.

"Yana aljihun dama," ya ce. "Ba zan iya ba. Zo ka ciro."

Ashana ya durƙusa ya ciro makullin, ya gyara wa yayansa matashin da ya zame. Ya buɗe durowa. Mayankin na nan a naɗe cikin tsumma, ƙotarsa ta yi sanyi. Akwai aikin tagogi huɗu da ke jira tun shekaranjiya. Ya shimfiɗa gilashi a tebur, ya auna, ya ɗora katako, ya tsoma bakin mayankin a kananzir. Sai ya tsaya ya ja numfashi, ba wanda ya ce ya yi sauri. Da ya natsu ya ja layi ɗaya daga sama har ƙasa, ya kama gefe ya danna.

Ƙas.

"Kawu," ya ce, "miƙo na biyun."